Tsaga a Ƙafar Fanka

Attahiru mai walda ya durƙusa cikin taɓo har wandonsa ya jiƙe, ya shafa kananzir a gindin ƙafar ƙarfen, ya jira kamar tsawon alwala, sannan ya goge da tsumma. Ya kwaɓa alli da ɗan ruwa a tafin hannu, ya shafe wurin fari fat, ya koma kan duga-dugansa yana jiran rana ta busar. Haka maigidansa ya koya masa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano shekara talatin da suka wuce. Idan ƙarfe lafiyarsa ƙalau, allin zai zauna da farinsa. Idan kuwa akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a cikinta sai ya fito ya tona mata asiri.

Allin bai gama bushewa ba sai ga layin. Siriri ne, baƙi-baƙi, kamar gashi ɗaya ya faɗo kan farin ƙyalle. Ya bi gefen waldar ya zagaye kusan rabin ƙafar.

"Innalillahi," in ji Attahiru, ya ɗaga kai sama.

Ita kuwa fankar tana can tana juyawa abinta, ko a jikinta. Hasumiya ce ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta fi giginya tsayi, tana tsaye a bakin fadama tsakanin Tungar Rimi da kogin Kwara. Iska ke juya fikafikanta, ita kuma ta jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ta tura shi ta bututu zuwa tankin da ke kan tudu. Wata ƙungiya ce ta kafa ta shekara goma sha huɗu da suka wuce. Kafin nan ruwan kogi ake sha, kuma babu daminar da ba a binne yara saboda gudawa. Shi ya sa mutanen garin ba sa ce mata inji, Fanka suke cewa, yadda ake kiran sunan mutum.

Kuma waldar nan da ta tsage, hannunsa ne ya yi ta. Wannan ya ƙona masa rai, amma ba shi ne ya sa gabansa faɗuwa ba. Nan da kwana goma sha biyu baƙi za su zo daga Birnin Kebbi su duba yadda garin ya riƙe amanar Fanka, in sun gamsu su ba da rijiya mai aiki da hasken rana. Kwamitin ruwa ya yanke cewa ranar Alhamis ta sama za a shafe ta da fenti daga ƙasa har wutsiya. Mai hawa kuwa ɗaya ne a garin, shi ke sa mata giris duk wata: Sufyan, ɗan Alhaji Lawal shugaban kwamiti. Sufyan mijin Rahma ne, ƙaramar 'yar Attahiru, wadda yanzu cikinta ya shiga wata takwas.

* * *

A bayan makarantar firamare akwai wani tudu inda waya ke kamawa, shi ma ɗin sabis ɗin maƙwabciyar ƙasa Benin ne ya fi ƙarfi. Nan Attahiru ya tsaya da azahar, ya tura wa babbar 'yarsa Mashkura hotuna uku, yana danna wayar da yatsa ɗaya kamar mai tsoron ta cije shi.

Mashkura ita ce abin alfaharinsa kuma abin kewarsa. Yarinyar da ta tashi tana riƙe masa ƙarfe a shago, ƙwaƙwalwa ta kai ta jami'a, daga can tallafin karatu ya ɗauke ta zuwa wata ƙasar Turai mai sanyi a bakin teku. Aikinta, yadda ta taɓa yi masa bayani, duba ƙafafun manyan fankoki ne da ake kafawa a tsakiyar teku don samar da lantarki, ta lissafa shekara nawa suka rage musu kafin ƙarfen ya gaza. Ranar da ya ji haka dariya ya yi har da hawaye, ya ce ashe duk wannan tafiyar, sana'ar gidansu ta je yi.

Ko minti biyu ba a yi ba ta kira. Fuskarta ta fito a wayar, ta naɗe wuya da mayafi mai kauri.

"Baba, ina wuni? Wace ƙafa ce wannan?"

"Ta gabas, mai duban ruwa."

"Wadda masunta ke ɗaure jirage a jikinta in ruwa ya cika?"

Ai kuwa ita ce. Duk shekara in kogi ya tumbatsa, wata uku cur Fanka tana tsaye cikin ruwa, kuma tun da babu icce a wurin, masunta a ƙafarta suke ɗaure kwalekwale. Wani lokaci takwas, wani lokaci goma. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka, shi ma da kansa ya sha ɗaure nasa.

"Baba, namu na teku ma haka suke yi," in ji ta a hankali. "Ba igiyar ruwa guda ce ke karya su ba. Kowace ta zo ta ɗan ja, ta sake. Ta ɗan ja, ta sake. Sau dubu a wuni, shekara da shekaru. Tsagar daga bakin walda take farawa, ido ba ya ganinta. Ta daɗe tana rarrafe, amma in ta kusa ƙarshe gudu take yi."

"Waldata ce ta yi rauni ke nan."

"A'a, Baba, wallahi a'a. Wanda ya zana Fanka iska kaɗai ya lissafa mata, bai san za ta ja jirage goma ba. Waldarka ta riƙe abin da ba a ɗora mata ba har shekara goma sha huɗu. Ni da zan samu mai hannu irin naka a nan, da na huta."

Allah sarki. Attahiru ya juyar da wayar gefe ya share ido da bakin hula, wai don kada ta gani.

"In na bi ta da sabuwar walda fa?"

"Ka rufe bakinta ne kawai, cikin yana nan. Sai an tsayar da Fanka, an sauke kan, an canza ƙafar. Yanzu dai ka sa alama a inda tsagar ta tsaya, ka riƙa dubawa. Kuma Baba, don Allah, don Annabi, kada kowa ya hau. Nauyin mutum a can sama, ya leƙa gefe, iska ta bugo, shi ke nan."

"Sufyan ne zai hau, Alhamis ta sama."

Mashkura ta dafe baki. "To ka gaya wa Alhaji yau ɗin nan."

"Za a gaya mashi," in ji Attahiru.

* * *

Za a gaya masa. To, wa zai gaya masa? Nan fa ake yin ta.

Tun ranar da aka ɗaura auren Rahma, Attahiru da Alhaji Lawal ba su ƙara yin magana ta kai-tsaye ba, sai gaisuwa mai tsawo, kowa idonsa a ƙasa. Ba gaba ba ce, girmamawa ce, surukuta ke nan a wurinsu. Shi kuwa Sufyan, in ya hango Attahiru daga nesa sauka yake daga babur ya tuɓe takalmi ya tsuguna a gefen hanya. Ko an kira shi an gaya masa, ba zai iya ce wa mahaifinsa a'a ba. Ga shi kuma duk shekara Alhaji ke sa hannu a takardar da ke cewa Fanka lafiyarta ƙalau. Talaka mai walda ya je ya ce wa surukinsa takardarsa ba gaskiya ba ce? Attahiru ya tuna ɗakin 'yarsa a cikin gidan nan, sai jikinsa ya yi sanyi.

Don haka ya yi abin da kowa ke yi. Ya nemi amininsa Namadi, wanda ya shiga tsakani lokacin auren, ya zaunar da shi a shago ya faɗa masa ƙarara: ƙafar gabas ta tsage, duk wanda ya hau Fanka yana iya mutuwa.

"Subhanallahi!" in ji Namadi. "Amma Attahiru, ba a kai ma suruki maganar mutuwa ɗanya haka. Bar ni da ita, na san yadda zan gyara ta."

Ya kuwa gyara ta. Namadi bai je wurin Alhaji ba, ƙanin Alhaji ya samu bayan sallar Juma'a, ya ce masa ƙafa ɗaya tana son a duba ta da kyau kafin a hau. Ƙanin ya riƙe maganar kwana uku yana jiran ranar da yayansa ke cikin fara'a, sannan ya ce Malam Attahiru yana gaisuwa, ya lura ƙafar gabas ta ɗan ci tsatsa. A rana ta shida amsa ta dawo ta hanyar da ta bi, tare da goro da ƙwan zabi goma. Alhaji ya gode ƙwarai da wannan kula, ya ce ƙafar gabas za a yi mata shafi biyu.

Attahiru ya dubi ƙwan nan a cikin ƙwarya, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa ladabi ya yi.

Washegari Rahma ta zo gaishe shi, tana tafe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ta kawo masa dafaffen kifi a kwano, ta zauna kan benci tana kallon shi yana ci, yadda marigayiya mahaifiyarta ke yi.

"Baba, ka rame. Ko ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci, ɗiyata. Ke fa, ya nauyin jiki?"

"Da sauƙi. Shi ne dai ya ishe ni da surutu." Ba ta kama sunan mijin ba, amma murmushin ya nuna ko wane ne. "Wai in ya hau Fanka yana hango rufin kwanon Benin. Wai in yaron ya yi wayo a kafaɗa zai ɗauke shi ya nuna mashi. Na ce in ya kuskura ya hau mini da ɗa, sai na tara mashi gari."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Attahiru ya tsame hannu daga kwanon. Yana son yarinyar nan so mai ciwo, kuma yana son yaron da ya iya sa ta dariya haka. Ya buɗe baki zai faɗa mata, ya dubi cikin, ya fasa. Ya ce mata dai kifin ya yi daɗi.

Ranar Laraba da hantsi ya koma fadama da kananzir da alli. Ya nemi 'yar alamar da ya buga da ƙusa a ƙarshen tsagar. Layin ya wuce ta da tsawon gaɓar yatsa, kuma a ƙafar kudu wani sabo ya fara fitowa.

* * *

Bayan la'asar zauren Alhaji Lawal cike yake. 'Yan kwamiti suna zaune, ga gwangwanayen fenti shuɗi da fari an jera a jikin bango. Attahiru ya yi sallama da kayan aikinsa a jiki, taɓo har gwiwa. Aka yi tsit, don ba a taɓa ganin shi a zauren nan ba sai ranar salla.

Alhaji ya miƙe da sauri. "Malam Attahiru! Bisimilla, ga buzu. Lafiya dai?"

Bai zauna ba. Ya san in ya zauna gaisuwa za ta cinye maganar. Ya ɗaga ido, karo na farko cikin shekara biyu, ya dubi surukinsa a fuska.

"Alhaji, ka gafarce ni, yau zan yi rashin kunya. Ba tsatsa ba ce. Ƙafar gabas ta tsage fiye da rabi, ta kudu ta bi ta. Fenti ba ya riƙe ƙarfe. Wanda duk ya hau Fanka gobe, ban ce lalle zai faɗo ba, amma in ta karye da shi, gawa za a ɗauko."

"Haba, Malam!" in ji wani daga gefe. "A gaban mutane?"

Alhaji ya ɗaga wa mai maganar hannu. Fuskarsa ta yi nauyi, ya juyo wajen Attahiru.

"Ka san abin da baƙin nan za su rubuta in sun iske Fanka tsaye ba fenti, ana cewa ta tsage?" in ji shi a ƙarshe. "Za su ce Tungar Rimi ba ta iya riƙon kaya ba. Rijiyar ta tafi wani gari. Fanka ta mutu, sabuwa ba ta zo ba, mu koma shan kogi. Ni na binne 'ya'ya biyu a kan ruwan kogin nan, Malam Attahiru."

"Na sani, Alhaji. Da ni aka yi jana'izarsu."

"To in tambaye ka tsakani da Allah. Da ɗanka ne, za ka bari ya hau?"

"Ai ɗana ne," in ji Attahiru.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Na yarda da kai. Sufyan ba zai hau ba."

Attahiru bai san lokacin da ya durƙusa ya kama hannun Alhaji da hannu biyu ba. Ya fito zauren kamar an sauke masa buhun gero daga ka. A hanya ya ci karo da Sufyan, yaron ya tuɓe takalmi ya tsuguna kamar kullum, shi kuwa Attahiru ya tsaya ya dafa kan yaron, abin da bai taɓa yi ba, ya ce Allah ya yi masa albarka. Ya hau tudun makaranta ya gaya wa Mashkura an gama, ta yi ta hamdala tana kuka. Ranar ya ci tuwo ya ƙoshi.

* * *

Da safe ya ɗauki igiyoyi da guduma ya nufi fadama, don a zatonsa yau za a fara shawarar sauke kan Fanka. Tun daga nesa ya ga an ja sarƙa an tsayar da fikafikan. Ya ji daɗi. Da ya matso sai ya ga ƙafafun huɗu sun sha shuɗin fenti har tsayin mutum, yana ta sheƙi a rana. Ta gabas ta fi kowacce kyau, shafi biyu aka yi mata kamar yadda aka alkawarta. Allinsa, da alamar ƙusarsa, da layin, duk sun shige ƙarƙashi.

A gindin tsanin wani mutum yana tsaye yana ɗaura gwangwanin fenti a ƙugu. Baƙo ne, siriri, zai yi shekara arba'in, rigarsa ta ƙwallo ta koɗe. 'Yan kwamiti biyu suna can nesa ƙarƙashin wata bishiya, nesa sosai, sun harɗe hannuwa. Alhaji bai zo ba. Sufyan kuwa an aike shi Bagudo tun da asuba.

Attahiru ya yar da igiyoyin ya ƙarasa da sauri.

"Bawan Allah, dakata! Wane ne kai?"

"Bunyaminu," in ji mutumin, da Hausarsa mai karin mutanen yankin Dendi. "Daga tsallaken iyaka nike. Jiya da yamma aka same ni a tasha, aka ce akwai aikin fenti."

"Kada ka hau. Ka ji ni? Wanga ƙarfe ya tsage. Ni na yi waldar, ni na ga tsagar da idona, tana nan ƙarƙashin fentin nan. In ka kai sama iska ta taso, tana iya karyewa da kai."

Ya juya ya ɗaga murya wajen 'yan kwamitin. "Ku ba ku gaya mashi ba?" Ɗaya ya kau da kai, ɗayan ya duƙa yana gyaran takalmi.

Bunyaminu bai firgita ba. Ya dubi Attahiru da wani irin tausayi, kamar shi ne ke bukatar lallashi.

"Sun gaya mini, Baba. Ba su ɓoye ba."

"Sun gaya maka? To don mi za ka hau?"

"Ruwa ya ci shinkafata bana, ko damma ɗaya ban ɗauka ba. Yara biyar ke gida." Ya ja igiyar ƙugunsa ya ƙara ɗaurewa. "Ai da ƙarfen lafiya yake, ɗan gari zai hau. Shi ya sa aka kira ni."

Attahiru ya kama hannunsa. Ya ce ya zo shago zai ba shi aiki, ya ce zai raba masa geron da ke rumbunsa, ya haɗa shi da Allah. Mutumin ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce ya gode, amma ya riga ya karɓi aikin, har ya aika wa iyali da awo tun jiya. Ya zare hannunsa a hankali, yadda ake zare hannu daga na yaro mai barci.

Sai ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure da roba.

"Riƙe mini wannan, Baba, kada ta faɗo. In ta yi ƙara, mai ɗakina ce. Ba ta san irin aikin ba. Ka ce mata ina nan tafe kafin azahar."

Ya yi bisimilla ya kama tsanin. Attahiru ya tsaya yana kallon tafin ƙafafunsa masu kaushi suna hawa ɗaya bayan ɗaya, gwangwanin yana bugun ƙarfe. Jiya a kan tudu ya yi hamdala da dukan zuciyarsa, bai ko tambayi wa zai hau a madadin Sufyan ba. Kunyar wannan ta fi duk wadda ya ji a zauren Alhaji.

Daga wajen kogi ciyawar fadama ta fara kwantawa, iskar hantsi ta taso. Mutumin ya wuce rabi, ya zama ɗan ƙarami a sama.

Wayar ta fara ƙara a hannun Attahiru.